Bishiyar da Baba Ya Koya Mini Hawa

Yaya Wadih,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama? Ya yara?

Ni lafiya lau nake a Kuwait, kada ku damu. Zafin ma an saba. In rana ta take, mukan raɓe a inuwar motar siminti.

Na ga hoton da ka turo, kun baje a dajin sanobar na garinmu kuna karin kumallo, har da rigar sanyi a watan Agusta! Allah ya ƙara lafiya. Wato kai da ka ce duwatsun Lubnan ba sa ciyar da kowa, ka turo ni nan, kai ne ke sheƙe ayarka a inuwa?

In lokacin girbi ya zo, ku kakkaɓe 'ya'yan sanobar duka. Amma bishiyar da Baba ya koya mini hawa, kada ka taɓa ta. In sun ruɓe, su ruɓe. Tawa ce.

Ƙaninka,
Nadim