Katantanwar Lungun Dutse

Zuwa ga ƙanwata Oknyeo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin maigidanki, ya sanyin Busan? Mu nan tsibirin Jeju lafiya lau, sai dai gwiwar nan tawa.

Kin tuna lungun dutsen da muka hana nutso don katantanwa ta hayayyafa? To, ana ɗiba a ɓoye. Yanzu in mun fito daga ruwa, kowacce ragar 'yar'uwarta take leƙawa. Mata sun ɗora laifin a kan Huyen, 'yar Biyetnam ɗin nan da mijinta Sangpil ya mutu ya bari. Kin san an hana ta shiga ƙungiyarmu ta masu nutso, wai ba a nan aka yanke mata cibiya ba. Ni kuwa shugabanmu Bu nake zargi. Ya cika zama da masu otal ɗin da ke sayen katantanwa, kuma ya fi kowa zaƙewa a kanta.

Yayarki,
Malsun

Oknyeo ƙanwata,

Maganin ya iso, na gode. Ina fata yara suna lafiya.

Na laɓe bayan katanga da sassafe. Huyen ce, da idona na gan ta. Amma gidan Iya Gapsun ta kai ragar, tsohuwar da numfashinta ya gaza bana, ba ta da kowa.

A wurin taro Bu ya ce teku na kowa ne, don haka Huyen kowa ta cuta. Iya ta dogara sanda ta miƙe, ta ce, "Kai Bu, yaron da na share wa majina! Kowan nan naka, da ni a ciki? Da ita fa?" Na nemi a shigar da Huyen ƙungiya, aka ɗaga hannu, muka sha kaye.

Abin da bai kwanta min ba, abin da ya ɓace ya fi ƙarfin mace ɗaya. Ina faɗin haka Bu ya rufe taro.

Jiya na tarar an yanke igiyar ragata. Ban san wanda ya yi ba. Maƙwabciyata dai ta daina haɗa ido da ni.

Ki yi haƙuri, ban jira izininki ba, na ba Huyen kayan nutson da kika bari. Gobe tare za mu shiga ruwa, ba lungun ba, inda kowa ke shiga, da rana tsaka. In sun isa su fito da mu.

Ki gaida mutan gida.

Taki har kullum,
Malsun