Tayil ɗin da ya ɗaga a ɗakina

Assalamu alaikum ƴan gurup. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Tun ina da ciki nake tsoron ƙasan ɗakin nan. Ni ƴar Ɗan Kassari ce, a kan daɓe na tashi, a yayyafa ruwa a share shi ke nan. Da aka kawo ni gidan su maigidana a Dogon Dutsi sai na iske ɗaki shimfiɗe da tayil na roba, kore da fari, ya tsufa amma yana ƙyalli. Kakan maigidana ya kawo shi daga Yamai sa'ad da aka samu mulkin kai, yana aiki a biron kumandan, wato ofishin mai mulkin gari. Ya rasu, matarsa Iya tana nan da ranta, ita ta ba ni ɗakin. Ta ce ban da ruwan zafi, ban da kaskon wuta, ban da jan gado, tsumma mai laima da ɗan sabulu ya isa. Na kiyaye. Amma wajen kusurwar gabas akwai guda ɗaya da in na taka sai ya yi ƙara kamar ƙasansa rami ne, kullum tsallake shi nake.

Da na haihu, ɗiya mace kuma ta fari, gwaggona ta zo zaman jego. Ita ba ta san roba ba, ta aje kaskon garwashi a kusurwar don in ji ɗumi. Kafin in shigo daga wanka wari ya cika ɗaki, tayil ɗin ya kumbura, bakinsa ya naɗe. Na leƙa, ba siminti a ƙasansa. Ƙasa ce ja, da bakin wata ƴar tukunya.

Na rufe da tabarma, na yi shiru. Sai da yarinyar ta fara rarrafe. Duk inda na aje ta, can take nufa, ta ture tabarmar, ta zauna tana ɓanɓarar bakin robar. Rannan na zaro wani guntu daga bakinta, da baƙin gam a jiki. Tun lokacin take ɗan tari. Mun je likita sun ce mura ce, sun ba da siro na tari, tarin bai tafi duka ba.

Babanta ya ce a ɓamɓare duka a zuba sabon siminti. Magini ya zo ya duba, ya ce irin na da ne, ba a farfasa shi a bushe, ƙurarsa ba ta da kyau ga ƙirji, balle na jariri. Iya kuma da ta ji, ta ce sai bayan ranta. Suka yi ta sa-in-sa da jikanta, ya ce camfi ne, ta ce shi da aka yi ma wankan jariri a ɗakin ba zai koya mata ba. Ni ban sa baki ba, a gaban surukai ba a nuna damuwa a kan ɗan fari, ko sunanta ba na faɗa.

Da hantsi Iya ta shigo ta same ni ina shara. Ta daɗe tsaye tana kallon yarinyar a kusurwa. Ta ce kafin a faɗaɗa ɗakin nan wurin bayan ɗaki ne, nan aka binne mabiyiyar ɗiyarta ta fari cikin tukunya ranar haihuwa. Da za a zuba siminti ta roƙi magini a ɓoye ya bar mata wurin. Ɗiyar tata tana rarrafe ta rasu. Ta ce, “Tana tari ina jin ta, gida cike da mutane, kunya ta hana ni ɗaukarta. Har yau ban taɓa kiran sunanta ba.” Sai ta duƙa ta shafa kan tawa, ta kira ta da wani suna da ba nata ba.

Tun ranar ba na sauke ta daga baya, a goye nake daka, a goye nake wanki, har an fara yi mini dariya wai ba ni da kara. Iya kuma kowace safiya sai ta zo da tsummanta ta goge kusurwar da kanta.

Ban san ko iska ce ke jan ɗiyata can ba, ko bakin roba ne kawai da yara ke son ɓanɓara. Ba na son in tone ma tsohuwa abin da ta rufe tun tana yarinya, ba na kuma son in yi shirun da ta yi. Wanda ya san aikin ya faɗa mini, ana iya manna tayil guda ya kwanta lafiya ba a taɓa ƙasansa ba? In ba a iyawa, in ɗauki ɗiyata mu koma Ɗan Kassari ko in zauna? Don Allah ku faɗa mini.