Usaina, Ni Na Ce Ki Jira a Gama Girbi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga 'yar'uwata Usaina. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Yau wata biyar ke nan da aka kai ki makwancinki. Ban taɓa rubuta miki wasiƙa ba, domin tun ranar da Inna ta haife mu tare ba mu taɓa yin nisan da ya wuce tsakanin Wudil da Indabo ba. Yanzu kuwa akwai maganar da ke cina a rai, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Kin tuna ranar da na zo na same ki a rumfarki ta suyar kifi, can kusa da gada? Kina cikin juya kifi matsami ya suɓuce daga hannunki na dama ya faɗa cikin mai. Kika buɗe baki za ki yi mini magana, harshenki ya yi nauyi, ban gane ko kalma ɗaya ba. Kafin in gama kashe wutar kin dawo daidai. Kika ce mini idonki na hagu ne ya yi duhu, kamar an saki labule, sannan aka ɗage.

Ni kuwa dariya na yi. Na ce hayaƙin itace ne da yunwa, na sa aka kawo miki fura.

'Yarki Bilkisu ce ba ta yi dariya ba. Washegari ta ja ki asibiti. Aka auna jininki aka ce ya hau sosai. Likita ya ɗora abin sauraronsa a wuyanki ya daɗe yana saurare, sannan ya rubuta takarda, ya ce a je Kano cikin kwanakin nan a yi hoton jijiyoyin wuya, waɗanda ke kai jini ƙwaƙwalwa. Ya ce abin da ya same ki a rumfa gargaɗi ne, kada a yi wasa da shi.

Da takardar kika zo mini Indabo, a ƙulle a bakin mayafinki. Ke da kike iya yi wa direban tirela tsawa a kan ya tare miki rumfa, na ga tsoro a fuskarki. Kika ce ba za ki shiga Kano ba sai da ni. Lokacin ana tsakiyar cirar gyaɗa, gidan cike da masu aiki, ni ke dafa musu. Na ce ki yi haƙuri sati biyu, a gama girbi, mu tafi tare. Har na ƙara da cewa ai likitoci ba sa rasa abin faɗa. Kika mayar da takardar kika ƙulle. Kullum kina cewa, "Abin da Hassana ta ce, shi ke nan." Shi ke nan ɗin ne ya cuce ki.

Kwana tara kawai aka yi. Ranar Juma'a, ana cin kasuwa, kika faɗi a gaban kaskonki.

Kwana goma sha tara kika yi a kwance. Ɓarin jikinki na dama ya shanye, bakinki ya karkace, magana ta ɗauke. Ni nake ba ki kunu da cokali, rabi ya shiga rabi ya zubo ta gefen baki, in goge miki da haɓar zanina. Idanunki kaɗai ke bina duk inda na juya. Har yau ban san me suke cewa ba. Wani lokaci in ce kin yafe mini, wani lokaci in ce tambayata kike yi. Na roƙe ki gafara a kunnenki sau ba adadi, amma ba ki da bakin amsawa.

Bayan sadakar arba'in, Bilkisu ta ce tun da jininmu ɗaya, ni ma a duba ni. Aka tarar nawa jinin ya hau, ban sani ba. Aka ba ni irin takardarki.

Usaina, na je. Na kwanta a kan gado, wata ma'aikaciya ta shafa mini wani abu mai sanyi a wuya, ta riƙa goga wata 'yar na'ura tana kallon allo. Ba allura, ba yanka, ba zafi. Na ji ƙarar jinina yana wucewa, fuu, fuu. Kafin in gama tasbihin da na fara ta ce in tashi an gama. Abin da na hana ki ke nan. Bai kai lokacin da kike ɗauka ki soya kasko ɗaya ba. Da sassafe muka fita ni da Bilkisu, kafin la'asar mun tsallako gada mun dawo. Tun a kan gadon asibitin na fashe da kuka, har ma'aikaciyar ta zaci ciwo ta ji mini.

An ga kitse ya fara taruwa a jijiyata ta hagu, amma bai toshe hanya ba. An ba ni magani, an ce in rage gishiri da maiƙo, in riƙa auna jini. Na tambayi likitan ko da an kawo ki da wuri da kin tsira. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce rai na Allah ne, amma irin alamun da kika nuna, in an zo da wuri, akwai magani, akwai kuma aikin da ake yi a buɗe jijiyar. Ina ma ya ce mini babu abin da za a iya.

Kowa na ce mini kwana ne ya ƙare. Na yarda, wallahi na yarda. Amma Allahn da ya rubuta kwanan shi ya aiko da gargaɗin, ni kuma na sa hannu na ture shi saboda gyaɗa. Buhunan suna nan a ɗaki, ban iya kallonsu.

Ina shan maganin kullum da safe, ba don ina ɗokin daɗewa ba, sai don Bilkisu tana bugo waya ta tambaya. Duk matar da ta ce mini hannunta ya mutu na ɗan lokaci ko idonta ya yi duhu, ba na barinta ta zauna, mayafi nake ɗauka mu tafi. Mutum biyu na kai. Na zaci zan ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Na daina shiga Wudil. Zuwana na ƙarshe, masu sayen kifinki suka riƙa zabura in sun gan ni. Mijinki, Malam Idi, ya amsa gaisuwata yana kallon ƙasa, don ba ya iya duban fuskata. Jikarki Ummi kuwa ta sheƙo da gudu ta rungume ƙafafuna tana kiran sunan da take kiran ki da shi. Da na ɗaga ta, ta leƙa fuskata da kyau, ta zame ta sauka, ta koma bakin ƙofa ta ci gaba da jira.

Allah ya jiƙan ki, Usaina. Allah ya haskaka kabarinki, ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara, ya haɗa ki da Inna da Baba a Aljanna Firdausi. Ya Allah, ka yafe mini abin da na yi cikin rashin sani, ka sa in mun haɗu ta yarda ta dube ni.

Wassalam.

Taki har abada,
Hassana