Takardar da ke Aljihun Bukar

Sheshe, Kano.

Kawu Kyari,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna Hajara da yara. Ya aiki, ya zaman Amurka? Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan kowa lafiya, alhamdulillahi.

Akwatin marigayi Bukar da ka aiko ya iso ranar da sojoji suka miƙa mulki. Gari ana ta murna, ni ina ɗaki ina ninke rigunan ƙanena. A aljihun kwat ɗinsa na tsinci takarda da rubutun hannunsa. Tafiya ya tsara zuwa wata jiha, Kentaki, inda ake yin giyar masara. Ya jera masana'antu huɗu da zai zaga ya ɗanɗana, da mashayar da zai zauna kowace yamma. Ranar tashin da ya rubuta ta faɗo kwana tara bayan hatsarin da ya yi ajalinsa.

Na karanta sau biyu, ban ji komai ba. Ko hawaye bai zo ba.

Baba ya shigo ya gan ta a hannuna. Ka san ba ya karanta boko. Ya ce, "Falmata, me yaron ya rubuta?"

Na ce, "Tafiya ya shirya, Baba."

Ya ce, "Allah sarki, ashe gida ya so zuwa." Ya karɓa ya sa ta cikin gafakar Alƙur'aninsa. Tana can har yau, kullum da asuba sai ya shafa ta.

Kawu, in ka san wani abu, kada ka faɗa mini. Ka dai sa Bukar a addu'a, ka sa ni. A gaida mutan gida.

'Yarka,
Falmata