'Ya'yan da Na Haifa da Alƙalami

Osaka, 9 ga Afrilu

Ƙanwata Fusae,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwar taki? Yaya maigidanki da iskar tekun Amami? Kada ki nemi wanda ya rubuta min wannan takarda, hannuna ne. Shekara huɗu ke nan ina zuwa makarantar yamma, ga shi yau ina da saba'in da takwas na iya gaishe ki da kaina.

Albishirinki: Shun ya dawo! Jikana, wanda ubansa, ɗana Norio, ya kora shekara tara da suka wuce. Ran Lahadi na buɗe ƙofa sai ga shi. Ya ce, "Tsoho, ashe har yanzu kana nan?" Na ce, "Ina zan je? Ni zan tsinci ƙasusuwanka, ja'iri." Muka yi ta dariya har da hawaye.

Ba shi kaɗai ya zo ba. Akwai Daigo, wani ƙato direban bas wanda magana ke yi wa nauyi, da Mitsuru mai aski, shi kuma bakinsa ba ya hutawa. Shekara bakwai suna gida ɗaya. Na ja Shun gefe na ce wanne ne naka a ciki. Ya ce, "Dukkansu, Kaka. Ina son su, suna sona, suna son juna." Ban gane ba sai da muka zauna cin abinci. Daigo na cire wa Shun ƙayar kifi, Mitsuru na ƙwace gishiri daga hannun Daigo yana ce masa buhun shinkafa, Shun kuwa ya jingina a kafaɗar wannan, ƙafarsa na kan cinyar wancan. Ni da matata marigayiya Kimie shekara arba'in ba mu taɓa zama haka ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Yaron ya rame ƙwarai. Sun ce sankarar jini ce, shi ya sa suka dawo kusa da asibitin nan. Amma ya dawo, Fusae.

Yayanki,
Genzo

Osaka, 21 ga Yuni

Ƙanwata Fusae,

Ina gaishe ki, na kuma gode da busasshen kifin. Ina fatan ruwan bana bai tayar miki da ciwon ba.

An mai da Shun ɗakin masu jin jiki, inda dangi kaɗai ake bari su shiga. Norio ya zo ya rubuta wa ma'aikatan sunayen dangi: shi, matarsa, da ni. Da ya fito ya wuce Daigo da Mitsuru kamar bai ga mutane ba.

Kwana goma sha ɗaya suka yi a kan bencin bakin ƙofa, suna karɓa-karɓa da aikinsu. Ni na zama ɗan aike. Mitsuru ya ba ni hular ulu in kai, Daigo ya ba ni miya a gora. Shun ba ya duban kayan, ƙofa yake duba. Rannan ya ce min, "Kaka, ka ce wa Daigo ya ci abinci, na san shi." Na fito na tarar ƙaton nan ya kifa kai a cinyar Mitsuru yana kuka, Mitsuru na shafa kansa.

Malamarmu Ogata ce ta lura ba na bin karatu. Da na gaya mata, ta ce ai doka ta yarda babba ya ɗauki baligi ɗa, muddin ya girme shi, ya shiga rajistar gidansa ya ɗauki sunansa. Takarda ce kawai da shaidu biyu. Na je na same su a kan benci na ce, "Kuna da uba?" Mitsuru ya ce nasa ya daɗe da yafe shi, Daigo ya ce nasa ya rasu. Na ce, "To ku tashi, kun samu."

Takarda uku na ɓata kafin na rubuta daidai. Malama ta ce za ta rubuta min, na ƙi. Shekara saba'in ina neman a rubuta min sunana, wannan kam a'a. Ita da wata tsohuwa 'yar ajinmu suka yi shaida. Da ma'aikacin ofishin unguwa ya karɓa ya buga hatimi, na fito ina tafiya kamar mai shekara ashirin. Ban taɓa murna irin ta ranar ba.

Na shiga da su ɗakin da kaina. Shun ya buɗe ido, ya dubi takardar, ya ce, "Baffa Daigo, Baffa Mitsuru, ku gafarce ni, ban tashi na gaishe ku ba." Mitsuru ya ce, "Yaron nan ba tarbiyya." Kowa ya kama hannu ɗaya, ni kuwa na ja musu ƙofa.

Norio ya buga waya ya ce na tozarta sunan gidanmu, Kuwata, a idon duniya. Na ce masa sunan nan ni na rubuta shi, na san nauyinsa.

Yayanki,
Genzo

Osaka, 12 ga Agusta

Ƙanwata Fusae,

Ina gaishe ki. Na san kin ji a waya, kuma na san jikinki ba zai bar ki ki zo ba. Kada ki damu.

Shun ya rasu ran uku ga wata da hantsi, hannuwansa biyu a cikin nasu. Wasan tsintar ƙasusuwa da na yi masa a bakin ƙofa bai bar ni ba. Ashe gaskiya na faɗa.

A gidan ƙona gawa, da aka fito da ƙasusuwan, ma'aikacin ya ce dangi su matso. Norio ya ce wa mutanen biyu su jira a waje. Na zaro takardar rajista daga aljihun ƙirjina na ce, "Waɗannan ƙannenka ne, matsa musu." Ya matsa, fuskarsa kamar dutse.

Kin san yadda ake yi: mutum biyu-biyu, kowa da dogayen tsinkayensa irin na cin abinci, a ɗaga ƙashi ɗaya tare a sa a tulu, a fara daga ƙafa don mamaci ya tsaya daidai. Ni da Norio muka ɗauki na farko. Ba shi da nauyi ko kaɗan, Fusae. Yaron da na goya.

Da aka kai ƙarshe, ma'aikacin ya nuna ƙashin maƙogwaro ya ce na mafi kusa da shi ne. Norio ya miƙa hannu. Na riƙe shi na ce, "Kai ka haife shi, ban musa ba. Wa ya aske masa kai da gashin ya fara zuba? Wa ya goya shi zuwa bayan gida?" Na ɗauka zai fizge hannunsa. Sai ya miƙa wa Daigo tsinkensa, ko kallonsa bai yi ba. Ni ma na ba Mitsuru nawa.

Mitsuru, mai riƙe aska kullum, ya kasa riƙe tsinken daidai. Daigo ya ce, "Riƙe shi da kyau, Baffa. In ka yar da shi ba za mu huta da mitarsa ba." Mitsuru ya yi dariya cikin kuka, ya gyara riƙo. Suka ɗaga shi tare, a hankali, kawunansu na gogar juna, shi a tsakiya. Na tuna zamansu a gidana ranar farko. Suka daɗe ba su sake shi ba, ma'aikacin kuma bai ce su yi sauri ba.

Norio bai kira ni ba tun ranar. Wataƙila na rasa ɗa ɗaya ke nan. Su kuwa suna zuwa duk Lahadi, muna ajiye kwano huɗu. Jiya na je wurin malamin haikalinmu na ce ya bar wuri biyu a kabarin gidanmu, kusa da Shun. Ya ce in ba shi sunayen. Na ce miƙo alƙalami.

Ki gaida maigidanki. 'Ya'yanki biyu suna gaishe ki, Gwaggo.

Yayanki,
Kuwata Genzo