Yarinyar nan ta kwana gefena

Litinin, 7 ga Oktoba 2024
Abu ɗaya nake so: kada a tafi da yarinyar nan Gangara. Ƙanwata Raishatu ta nuna mini inda ake dannawa a waya a ajiye murya, ita ke gaya mini kwanan wata. Ban iya rubutu ba, ni kaɗai zan ji.

Talata, 8 ga Oktoba
Ranar kasuwar Belbeji da ta wuce yarinyar ta ɓace. Kowa ya fita nema, ni ina daka. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗi, balle in yi kuka gaban uwar miji. Da la'asar aka same ta tana barci ƙarƙashin amalanke. Ban taɓa ta ba. Na ɗaga taɓarya in ci gaba da daka, sai ƙirjina ya ɗaure, gumi, numfashi ya ƙi.

Alhamis, 10 ga Oktoba
A asibitin Tanout sun manna mini wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane. Majo, ma'aikacin jinya, ya ce zanen ya yi tudu inda bai kamata ba, irin na tsohon da jijiyar zuciyarsa ta toshe. Ni da ko talatin ban kai ba. A Damagaram aka sake, tudun ya koma kwari. Lokotoro ya nuna mini zuciyar a allo, ƙasanta ya kumbura kamar tulu, ba ya matsawa. Ya tambaya ko na firgita kwanan nan. Maigida ya amsa, wai ni ko gezau. Lokotoro ya dube ni, ya ce tsoro na yin haka, kuma yawanci tana komawa daidai.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na ji tsoro jiya. Yau da sauƙi.

Laraba, 16 ga Oktoba
Inna, uwar maigida, ta sake cewa za ta tafi da yarinyar gidanta a Gangara don in huta, ai ɗiyar fari ta kaka ce. Da alheri take nufi. Amma in na farka ban ji numfashinta ba, ƙirjin ke tashi.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Zanen ya fara kwantawa, in ji majo. Na yi wa ɗiyata Zuhaira kitso a tsakar gida, mutane na wucewa. Kanta ne ya yi datti, shi ke nan.
Ba za ta je ba. Na gaya wa maigida, na gaya wa Raishatu. Da safen nan na gaya wa Inna, ina durƙushe.