Duwatsun Baba a Dandali

14 ga Maris

Zuwa ga yayata Benvinda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Albano da yara, da sanyin Faransa.

Matata Ermelinda ta faɗi ranar Litinin. An yi yayyafi da safe, ta fito daga coci za ta ratsa dandali ta sayi burodi, santsi ya kwashe ta kusa da famfo. Ƙugu ya karye. An yi mata aiki, likita ya ce za ta taka, amma ba da wuri ba.

Inda ta faɗi aikin Baba ne, zanen igiyoyin ruwan nan na baƙin dutse da fari da ya daɓe shekarar da aka haife ni. Washegari na je na duba wurin da gudumata. Babu dutsen da ya ɗaga, babu wanda ke motsi. Shekara sittin ƙafafu suna gogarsu, sun koma kamar sabulu. Da na gaya mata haka a asibiti, sai ta ce, “Ubanka bai so ni ba yana raye, ga shi ya mutu bai fasa ba.” Matan da ke ɗakin suka yi ta dariya.

Ba sai kin taso ba, ina iya girki.

Ƙaninki,
Custódio

22 ga Mayu

Yaya Benvinda,

Ina gaishe ki. Yaya jiki, yaya hawan jinin Yaya Albano? Mun sami wasiƙarki, matata tana godiya.

Majalisar gari ta yanke a kwashe daɓen dandali duka a shimfiɗa falankan siminti, don Ermelinda ce ta biyar da ta karye a nan cikin shekara biyu. Mu tsofaffin masu daɓe muka rubuta takardar ƙin yarda, muka ajiye a shagon gahawan Firmino, mutane suka yi ta sa hannu.

Ranar taro ni aka tura in yi magana. Na ce dandalin nan ya ga abin da ya fi santsi. Ginshiƙin da ake ɗaure masu laifi a zamanin sarakuna yana nan, ba a tumɓuke shi ba don ya taɓa cutar da wani. Girgizar ƙasa ta kayar da hasumiyar coci, aka mayar da ita da duwatsunta. Famfo ya shekara ɗari huɗu yana zuba. Aka tafa mini.

Sai injiniyar majalisa, wata yarinya mai suna Salomé, ta ce akwai takarda ta biyu, ta masu son siminti. Ta fara karanta sunaye. Na farko Ermelinda. Ashe matar Firmino ce ta kai mata har gado. Wani daga baya ya ɗaga murya, “Custódio, ka fara cin zaɓe a gidanka tukuna!”

Da na koma gida na sami Ermelinda a bakin taga. Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce, “Ka tambaye ni? Ranar da na faɗi, dutse ka je dubawa.” Na ce washegari ne. Ta ce, “To, washegari.” Daga nan ta ce ko ta warke ba za ta ƙara taka dandalin ba, limamin cocin ya riƙa kawo mata addu'a gida har ta mutu.

Yau kwana tara ba mu yi wata doguwar magana ba. Ina dafawa, tana ci.

Ƙaninki,
Custódio

18 ga Satumba

Yaya Benvinda,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya riƙe ni.

Kin rubuto cewa Baba zai juya a kabarinsa. Mai yiwuwa. Ga dai yadda aka ƙare. Na je wurin injiniyar na ce a bar daɓen, a yanka hanya ɗaya ta dutse mai kaushi, faɗin mutum biyu, daga rumfunan shaguna zuwa ƙofar coci. Ta ce hanyar za ta raba igiyoyin ruwan gida biyu. Na ce na sani, ni zan yi. Majalisa ta yarda. Abokan sana'ata biyu sun daina gaishe ni, ɗayansu ma ya ce a gaban Firmino na sayar da ubana da miyar kabeji.

Mako shida na yi a durƙushe. Da hannuna na ciro duwatsun Baba ɗaya bayan ɗaya. Na zaci zan ji wani abu a raina. Gwiwata ce kawai ta kumbura.

Ranar Lahadi ban ce wa Ermelinda komai ba, sai na ga ta sa baƙar rigarta ta ɗauki sanda. Ta ƙi in riƙe ta, na bi ta a baya. Tafiyar minti biyu ta ci mana kusan ashirin. Masu shan gahawa suka bi ta da kallo. Da ta kai ƙofar coci ta juya ta dubi hanyar, ta ce, “Shekara arba'in kana sana'a, ga ta a karkace wajen famfo.”

Gaskiyarta ne. Akwai ɗan tauraro na baƙin dutse a wurin, wanda Baba ya sa a madadin sunansa, shi na kauce wa. Ban gaya mata ba. Da za mu dawo, daidai nan ta tsaya hutawa, ta miƙa sandarta ta ƙwanƙwasa tauraron sau biyu, ta ce, “Tsoho, ban mutu ba.” Sannan ta kama hannuna muka ƙarasa gida.

Tana gaishe ki. Ki gaishe da Yaya Albano da yara.

Ƙaninki,
Custódio